Mun Bi Sawun Gidan Mack, Daga Jamus Zuwa Amurka

A watan Agusta, sa'ad da damina ta yi tsaka a gida, mu uku malaman makarantun ikilisiya muka sami gayyata zuwa wani kos na malamai a jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka. Jagoranmu wani tsohon fasto ne wanda dukanmu muke kira Baba. Da ya ga jirginmu zai yada zango a Frankfurt ta ƙasar Jamus, sai ya ce ba za mu wuce haka kawai ba, sai mun kwana uku mun ga inda wani gida ya taso. Gidan kuwa shi ne na Alexander Mack, mai niƙan hatsi, wanda ya yi ƙaura sau uku da iyalinsa kafin ya mutu. Mun sha koya wa yara sunansa a aji. Amma gani ya kori ji.

Schriesheim, garin haihuwa

Daga Frankfurt muka shiga jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa guda, muka sauka a Heidelberg. Schriesheim tana arewa da ita, kimanin mil 5. Ƙaramin gari ne a gindin tudu. Gonakin inabi sun hau tudun jere-jere, a bisansu kuma ga kangon wata tsohuwar ganuwar sarauta da ake kira Strahlenburg. Wani rafi yana gangarowa daga dutse ya ratsa garin. Ƙarfin wannan rafi ne yake juya duwatsun niƙa a zamanin da, gama a lokacin babu inji mai shan mai.

A nan aka haifi Alexander a shekarar 1679. Mahaifinsa, Johann Philipp Mack, mai gidan niƙa ne, yana kuma cikin majalisar gari. Sunan mahaifiyarsa Christina. Gida ne na masu abin hannu, mutanen Ikilisiyar Reformed. Sai dai zamanin ba na kwanciyar rai ba ne. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya riga ya cinye ƙasar, ba ta gama farfaɗowa ba kuma sai sojan Faransa suka shigo a 1688, suka ƙone garuruwa, har suka rushe Heidelberg a 1693. Wato Alexander ya san gudun yaƙi tun yana yaro.

A 1701 ya auri Anna Margaretha Kling, 'yar wani mai masauƙin baƙi wanda shi ma ɗan majalisar gari ne. Allah ya ba su ɗan fari, Johann Valentin, a wannan shekara, sa'an nan Johannes a 1703. Ga sana'a, ga aure, ga 'ya'ya, ga mutunci a gari. To, me zai fitar da irin wannan mutum daga gidan ubansa?

Ga dalilin. Sulhun da ya kawo ƙarshen yaƙin nan a 1648 ya yarda da ikilisiyoyi uku kaɗai: Katolika, da Lutheran, da Reformed. Wanda ya tara mutane a ɗakinsa domin addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki ba da izini ba, ya karya dokar ƙasa. Mack kuwa ya saba da wani mai wa'azi, Hochmann von Hochenau, har ya ba shi wuri a gidan niƙa ana taruwa. A watan Agusta na 1706 hukuma ta zo ta watse taron. Ya rage wa Mack ya zaɓa, ko ya yi shiru ya ci gādonsa, ko ya tashi. Ya sayar da abin da ya mallaka, ya ɗauki matarsa da yara biyu ƙanana, suka bar gari kafin shekarar ta ƙare. Surukinsa ma bai tsira ba, an tuɓe shi daga majalisa domin ya ƙi sa hannu a la'anci mijin 'yarsa.

Muna tsaye a bakin rafin sai Baba ya ce, "Malam, ka lura? Ba yunwa ce ta kore shi ba. Da ƙoshinsa ya fita." Muka ce, "Haka ne, Baba."

Schwarzenau, kwarin bukkoki

Kashegari muka ɗauki mota muka nufi arewa, tafiyar fiye da mil 100, cikin tuddai da kurmi. Schwarzenau ƙauye ne a bakin Kogin Eder, yanzu yana ƙarƙashin garin Bad Berleburg. Mai mulkin wannan yanki na Wittgenstein a zamanin, Henrich Albrecht, ya buɗe ƙasarsa ga waɗanda aka koro saboda addini. Ƙasar matalauciya ce, yana bukatar masu sana'a, shi kansa kuma yana da tausayin irin waɗannan mutane. 'Yan gudun hijira suka kafa bukkoki a kan tudun da ke bisa ƙauyen, har yau sunan wurin Hüttental, wato kwarin bukkoki. A can ne aka buɗe ɗan gidan kayan tarihi da sunan Mack a 1992. Mun hau da ƙafa, muna haki.

Kogin kansa ba wani babba ba ne. A yadda muka same shi, yaro mai ƙarfin hannu zai iya jefa dutse ya ƙetare. Amma a cikinsa ne mutum 8, maza 5 da mata 3, suka shiga da sassafe a 1708 suka karɓi baftisma, abin da doka ta hana wa wanda aka riga aka yi masa tun yana jariri. Mack da matarsa suna cikinsu. Sun jefa ƙuri'a a kan wanda zai fara yi wa Mack, sa'an nan shi ya yi wa sauran, ana nutsar da kowa sau uku. Suka kuma yi alkawari ba za su faɗi sunan wanda ƙuri'a ta faɗa a kansa ba, domin kada a kira jama'ar da sunan mutum. Sun cika alkawarin. Abin da suka riƙa tunawa a lokacin shi ne misalin nan na Luka sura 14, na mai gini wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafin abin da ginin zai ci kafin ya sa harsashi.

Lissafin kuwa ya zo da tsada. Kuɗin da Mack ya fito da su daga Schriesheim sun ƙare wajen ciyar da baƙi da biyan tarar 'yan'uwan da aka kama. A nan aka haifi ɗansa na uku, Alexander ƙarami, wanda ake kira Sander, a 1712. A 1715 kuma Mack ya fitar da wani littafi a kan ka'idodin gidan Allah. Abin da ya ja hankalinmu, mu malamai, shi ne yadda ya tsara shi: hira ce tsakanin uba da ɗa, ɗan yana tambaya, uban yana amsawa. Ku riƙe wannan, masu karatu, za mu komo kansa.

Baba ya daɗe zaune a bakin ruwan bai ce kome ba. Mun san abin da ke ransa. Shi ma a 2014 ya fito daga ƙauyensu a gindin duwatsun Gwoza, da rigar da ke jikinsa. Yau ɗansa ɗaya yana Jos, ɗaya yana Abuja, 'yarsa ta yi shekaru a sansanin Minawao a Kamaru. Da ya tashi sai ya ce, "Fita ba ita ce wuya ba, 'ya'yana. Wuyar ita ce jikokina su san daga ina muka fito, da abin da ya fito da mu."

Zango a Holan

Ƙafarmu ba ta kai Holan ba, kwanakinmu sun ƙare. Amma labarin bai cika sai da ita. A 1720 zama a Schwarzenau ya yi wuya, ga matsi daga manyan ƙasa, ga rashin abin yi. Mack ya ja kimanin gidaje 40 zuwa Surhuisterveen, wani ƙauye a Friesland, arewacin Holan, inda Menonayit suka karɓe su. Ƙasar fadama ce. Aikin da aka fi samu shi ne yankan baƙar ƙasar fadama, a shanya ta bushe, a sayar a maimakon itacen wuta. Ɗan mai gidan niƙa ya koma zama cikin 'yan ƙodago.

A wannan shekara ta 1720 Anna Margaretha ta rasu. Ba a jima ba ƙaramar 'yarsu Christina ta bi ta. Matar da ta bar gidan ubanta mai daraja, ta shiga ruwan Eder tare da mijinta, ta yi ƙaura biyu da goyo da kaya, kabarinta yana ƙasar da ba ta iya harshenta sosai ba. Mack bai sāke aure ba. Idan ana ba da labarin masu kafa abu, sau da yawa akan tsallake matan. Kada mu tsallake wannan.

Shekara 9 suka yi a can. Tun 1719 wasu 'yan'uwa daga garin Krefeld, kimanin gidaje 20 tare da Peter Becker, sun riga sun haye zuwa Pensilbaniya, ƙasar da William Penn ya samu daga Sarkin Ingila a 1681, ya kuma yi alkawarin kowa zai yi sujada yadda zuciyarsa ta yarda. Wasiƙunsu suna ta zuwa. A 1729 Mack da 'ya'yansa maza uku da jama'a fiye da mutum 100 suka shiga wani jirgin ruwa mai suna Allen a Rotterdam. Suka yi kamar mako 10 a kan teku, suka sauka Filadelfiya a watan Satumba. Tun 1727 hukuma ta sa doka a rubuta sunayen mazan da kowane jirgi ya kawo, su kuma sa hannu a takardar biyayya ga Sarkin Ingila. Dokar tsoron baƙi ce ta haife ta, amma ita ce ta adana sunayen, har yau masu neman asalinsu suna duba waɗannan takardu.

Germantown

Abin da ya ci musu mako 10, mu awa 9 bai cika ba muka sauka. Germantown tana kimanin mil 6 daga tsakiyar Filadelfiya. Gidaje 13 daga Krefeld ne suka kafa ta a 1683, a nan kuma aka rubuta takardar farko ta ƙin bautar da baƙar fata a ƙasar, a 1688. Tun 1854 birni ya haɗiye ta. Yau yawancin mazauna unguwar baƙaƙen fata ne, haka ma masu sujada a tsohuwar majami'ar. Ba wanda ya waiwaye mu a titi, sai da muka buɗe baki.

Majami'ar tana kan babban titin Germantown. Ɗan ginin dutse ne na 1770, ba hasumiya, ba ado, ko da yake an yi ƙari a bayansa daga baya. Kafin a gina ta a gidaje ake taruwa. Ba nisa da nan akwai rafin Wissahickon, inda Peter Becker ya yi wa mutum 6 baftisma ran Kirsimeti na 1723, cikin tsananin sanyin hunturu.

Bayan majami'ar akwai maƙabarta. Mack bai yi shekara 6 cikakku a sabuwar ƙasar ba, ya rasu a 1735. An fara binne shi a wata maƙabartar gari, sai a 1894 aka kwaso ƙasusuwansa zuwa nan. Dutsen farko da aka sa masa ƙarami ne, ko cikakken sunansa babu, sai haruffa biyu, A da M, da shekarun haihuwa da mutuwa. Muka cire huluna, Baba ya yi addu'a da Hausa.

Ya mutu da baƙin ciki guda. Tun kafin ya iso, a 1728, wani mai suna Conrad Beissel ya tsaga jama'ar. Yana koyar da kiyaye Asabar, yana kuma ɗaukaka zaman rashin aure bisa aure. Mack ya nemi sulhu, abin bai yiwu ba.

Efrata, inda 'ya'ya biyu suka tafi

Muka bi yamma, kimanin mil 60, cikin gonakin masara na Lancaster, zuwa Efrata a bakin rafin Cocalico. Beissel ya kafa wurin a 1732. Yanzu gwamnatin jiha ce take lura da shi, baƙi suna zuwa kallo. Manyan gine-ginen katako ne masu ƙananan tagogi. Ƙofofin gajeru ne, sai mutum ya sunkuya. Mazauna wurin marasa aure sukan sa fararen riguna, su ci abinci sau ɗaya a yini, su kwanta a kan benci mai faɗin inci 15, da guntun itace a maimakon matashin kai, su kuma tashi tsakar dare su yi sujada ta awa biyu. Ba ragwaye ba ne. A maɗaba'arsu aka buga babban littafin tarihin shahidai a 1748 zuwa 1749, mai shafi wajen 1,500.

To, a nan ne labarin ya fi taɓa mu. Uban da ya rubuta littafi a kan hirar uba da ɗa, shekara 4 bayan mutuwarsa biyu daga cikin 'ya'yansa uku suna wurin mutumin da ya tsaga masa jama'a. Sander ya shiga a 1738, bayan rasuwar uban ta jefa shi cikin baƙin ciki mai tsanani. Valentin, ɗan fari, ya bi a 1739 da matarsa Maria, suka zauna cikin magidantan da ke kewaye da wurin. A can ya mutu a 1755. 'Yarsa kuma ta shiga cikin 'yan'uwa mata marasa aure. Johannes ne kaɗai bai tafi ba.

Akan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, amma ba lalle ne ɗan ya bi hanyar da uwar ta bi ba. Yaran nan sun ga ubansu ya bar gida domin abin da ya gaskata, suka koyi barin, suka yi shi a kan gidansa.

Sander bai tsaya a Efrata ba. A 1745 rigima ta tashi tsakanin Beissel da 'yan gidan Eckerlin, sai ya bi su cikin daji, tafiyar kimanin mil 400, zuwa bakin New River a Birjiniya. Suka sa wa wurin suna Mahanayim. Yau wurin yana ƙarƙashin ruwan wata madatsa. Bayan 'yan shekaru ya komo Germantown, ya nemi a karɓe shi. Aka karɓe shi. A 1749 ya auri Elizabeth Neis, suka haifi 'ya'ya 8. A 1753 aka naɗa shi dattijon ikilisiya tare da abokinsa Christopher Sauer ƙarami, ɗan wanda ya buga Littafi Mai Tsarki da Jamusanci a Germantown a 1743. Sana'arsa saƙar safa. Ya riƙe jama'ar shekara 50, har cikin yaƙin neman 'yancin Amurka, lokacin da aka ƙwace dukiyar Sauer duka a 1778 domin ya ƙi rantsuwa ga sabuwar hukuma. Sander ya rasu a 1803 yana da shekara 91.

Kun ga, da 'yan'uwan Germantown sun rufe masa ƙofa, da sun rasa mutumin da ya fi kowa adana tarihinsu. Shi ne ya rubuta labarin baftismar Eder a gabatarwar littattafan ubansa da aka sāke bugawa a 1774. Shi ne kuma ya riƙa rubuta sunayen 'yan'uwan da suka mutu a littafinsa, ɗaya bayan ɗaya.

Zuriya ta bi yamma

Ƙasa ta yi tsada kusa da birni, sai jikoki suka ci gaba. Zuriyar Johannes suka koma yankin rafin Antietam, wajen Waynesboro ta yau. William, ɗan farin Sander, maƙeri ne, shi ma can ya nufa. 'Yarsa Elizabeth ta auri John Holsinger, suka zauna cikin duwatsun Bedford. Waɗansu suka ƙetare zuwa Ohayo. Jikan Elizabeth, Henry Holsinger, shi ne aka fitar daga ikilisiya a 1882 saboda neman sauye-sauye, har wani sabon reshe ya tsaya a 1883. Ashe halin gidan bai mutu ba. A 1943 wani fasto, Freeman Ankrum, ya tattara wannan zuriya a littafi guda. Da yawa cikinsu ba su amsa sunan Mack kuma, gama ta wurin 'ya'ya mata jinin ya fi yaɗuwa.

Mun gangara rafin Antietam har jihar Maryland, inda wata ƙaramar farar majami'ar wannan jama'a take tsaye a filin da aka gwabza yaƙi ran 17 ga Satumba 1862. Mutum wajen 23,000 ne suka mutu, ko suka ji rauni, ko suka ɓace a yini guda, kewaye da ɗakin sujadar mutanen da suka ƙi ɗaukar makami. Waɗanda kakanninsu suka guje wa yaƙi a Jamus, yaƙi ya iske su a ƙofar majami'a.

Akwai kuma reshen da ya iso ƙasarmu, ta wurin bangaskiya. Daga ikilisiyar Coventry, wadda mutanen Peter Becker suka kafa a 1724, Stover Kulp ya fito. Shi da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida ran 17 ga Maris 1923. A shekara ta gaba Kulp ya binne matarsa Ruth da jaririnsu a can, kamar yadda Mack ya binne tasa a Holan. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ta tsiro daga nan ta fi uwarta ta Amurka yawan jama'a yanzu, nesa ba kusa ba.

Abin da muka komo da shi

A jirgin dawowa Baba ya roƙi takarda da alƙalami. Ya fara da kakan kakansa, ya rubuta sunan kowa, da matarsa, da ƙauyen da ya zauna, da abin da ya tashe shi. Kafin mu sauka ya cika shafi 6. Ya ce zai kwafa sau uku, kowane ɗa ya sami nasa.

Da muka koma aji muka tambayi yara sunan kakan mahaifinsu. Kaɗan ne suka sani. Sunan matarsa kuwa, kusan babu.

Saboda haka, iyaye, ga roƙonmu. A daren nan, bayan an ci tuwo, a ɗauko Littafi Mai Tsarki na gida, a buɗe farin shafin da ke gaba. A zaunar da tsohon da ya rage, ko tsohuwa, a tambaye su tun suna da rai. A rubuta maza, a rubuta mata, a rubuta garin da aka baro da dalilin barinsa. In kuwa akwai ɗan da ya bi wata hanya, kada a tsallake sunansa, kada kuma a kulle ƙofa. Sander ya yi kusan shekara 10 a waje kafin ya komo.

Allah ya kiyaye gidajenmu, ya komo da waɗanda suke warwatse. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.